Usaini Jagoran Santambul

Duk wanda ke zaune a unguwar Bolari ta Gombe, daga layin masu walda har bayan tasha, ya san muryar Usaini ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Shekararsa biyu ke nan a Santambul ta ƙasar Turkiyya, kuma tun ranar da ya sauka bai bar wayar kowa ta huta ba. Saƙon murya safe da yamma, kowanne ya fi minti biyar. Yau ya sha shayi da wani attajiri, gobe ya nuna wa wani Bature hanya. In kana sauraronsa sai ka rantse da shi aka yi shawara kafin a gina garin.

Mahaifiyarsa Kadijatu, wadda unguwa ke kira Maman 'Yan Biyu, ita kaɗai ce ba ta dariya. Ta san abin da sauran ba su sani ba. Aikin ɗanta ɗaure kaya ne a wani sito da ke ƙarƙashin ƙasa, kwali a kafaɗa tun safe har magariba, kuma in ya kira ta ita kaɗai, kukan ciwon baya yake mata. Abokin tagwaicinsa Hassan yana nan unguwar Manawashi yana ɗinkinsa shiru, bai taɓa sa jininta ya hau ba. Shi kuwa wannan, tun yana rarrafe bakinsa ke gaba, ƙafarsa na baya.

Ana nan sai ga wata ƙofa ta buɗe. Oga Ifediora, mai shagon labule da darduma a babbar kasuwa, wanda ya shekara talatin a Gombe kuma yake shugabantar ƙungiyar masu sarin kaya, ya ce suna neman ɗan gida a Santambul. Wanda zai riƙa tarar 'yan ƙungiya in sun sauka, ya kai su kasuwanni, ya zaga da su gari, a sa masa albashi. Aikin da zai fitar da Usaini daga ramin nan ke nan, bayansa ya huta. Sai dai Oga ba ya sayen kaya da jin labari. Ya ce zai tura Titus, mai kula masa da shago, ya yi sari, ya kuma gano masa da ido ko Usaini ya san garin. Titus kuwa abokin Usaini ne tun suna wasan ƙasa, katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu.

Da Usaini ya ji, sai ya aiko da saƙon minti goma sha ɗaya. Ranar Lahadi ba ya aiki, saboda haka ranar zai zaga da Titus, kuma ba a ɓoye ba. A tara jama'a, a kunna kiran bidiyo, kowa ya gani da idonsa.

Kadijatu ta kira shi a gefe.

"Usaini, tsakaninka da Allah, ka san garin nan?"

"Haba Dada! Ko an ɗaure min ido."

"To ka zaga da shi shiru mana, in ya dawo ya ba da labari. Me ya kawo taron mutane?"

"Dada, ke dai ki dama kunu. A gayyato har 'yan unguwar Barunde."

Titus ya sauka a Santambul lafiya. Ranar Lahadi, ana tasowa daga coci, tsakar gidan Kadijatu ta cika. Mata a tabarma, maza a benci, Oga a kujerar roba da hularsa ja. Aka kifa turmi, aka ɗora babbar wayar Oga a kai, aka tokare ta da kular abinci. Maman Titus ta zauna gaba-gaba da kayan cocinta, ko gida ba ta shiga ba. Kadijatu ta zauna can gefe tana jan carbi, kunun da ta dama ma ta kasa sha.

Waya ta yi ƙara, sai ga Usaini ya cika allon. Kwat baƙa, takalmi sau-ciki mai tsini yana ƙyalli, a hannunsa wata doguwar lema da ya ɗaura wa ƙyalle kore da fari a ka. Ya ɗaga ta sama.

"Jama'ar Gombe, barkanku da zuwa Santambul! Titus, ka bi lemar nan, kada ka ɓace a cikin ayari."

Muryar Titus ta fito daga bayan wayar, don shi ke riƙe da ita. "Wane ayari? Ni kaɗai ne fa."

"Haka tsarin yake. Bi lema."

Suka fito babban titi. Ga wani jirgin ƙasa na cikin gari yana tahowa a kan layinsa, dogo, ja da fari. Usaini ya matsa bakin layin, ya miƙa lema, ya yi masa fito irin na tsayar da keke napep. Jirgi ya kaɗa ƙararrawa ya wuce, iskarsa ta ɗaga masa kwat.

"Ya cika ne," in ji Usaini.

"Ni dai na ga kujeru babu kowa," Maman Titus ta faɗa daga tabarma.

"Mama, na manya ne, an kama su tun jiya."

Na biyu ma ya wuce. A na uku Titus ya lura mutane na tsaye can gaba a ƙarƙashin wata rumfar gilashi, ya ja abokinsa suka tafi. Da suka shiga, Titus ya tsaya yana duba taswirar da ke manne a bango, Usaini ya rufe ta da lema.

"Wannan ta baƙi ce. Kana tare da ɗan gari."

Aka yi ta tafiya. Manyan gine-gine suka fara raguwa, sai garejin motoci da gidajen haya. Can Usaini ya leƙa taga, ya ga babu abin da ya sani, ya shiga buga rufin jirgi da gindin lema.

"Direba, akwai sauka! Akwai sauka, malam!"

Duk fasinjoji suka waiwayo. Wata tsohuwa ta janye jakarta ta rungume. A tsakar gida kuwa wani mai walda ya faɗo daga benci don dariya. Kadijatu ta ƙara saurin carbi.

"Wannan zagayen share fage ne," Usaini ya ce wa waya bayan sun sauka sun hau mai komawa. "Sai baƙo ya ga talakawan gari kafin a nuna masa masu kuɗi."

Oga ya gyara zaman hularsa.

Da ƙyar suka iso tsohon gari, inda mutane ke ta ɗaukar hoto. Nan Usaini ya farfaɗo. Ya tsaya gaban wani ɗan gini na farin dutse mai ƙofar baka, mutane sun yi layi suna shiga ɗaya bayan ɗaya. Ya gyara murya.

"Wannan da kuke gani, nan ne sarkin garin yake ganawa da baƙinsa shekara ɗari bakwai da suka wuce. Ku dubi yadda har yau ake layin ziyara. Kowa ya shiga da damuwa, sai ka ga ya fito fuska a sake."

Mata suka ce, "Ikon Allah!"

"Bari in leƙa in nuna musu ciki," in ji Titus.

Hoton ya yi duhu, ya yi haske, sai aka ji ƙarar ruwa. Titus ya fito da sauri yana kare wayar da tafin hannu.

"Usaini, bayan gida ne."

"Yanzu ne aka mai da shi haka. A da..."

"Chineke!" Oga ya kira sunan Allah da yarensa a hankali, karo na farko da ya buɗe baki.

"Maman 'Yan Biyu," Maman Titus ta juyo tana share hawayen dariya da gefen ɗankwali, "ashe fadar sarki gare ki a bayan ɗaki, ba ki taɓa gaya mana ba!"

"Ki bar ni da abin da ke damuna, Maman Titus."

Daga nan suka nufi wani babban masallaci mai hasumiya kamar za ta taɓa gajimare, wanda ake barin baƙi na kowane addini su shiga kallo in ba lokacin salla ba ne. A bakin ƙofa wani dattijo na miƙa wa kowa leda. Usaini ya ɗaga masa hannu.

"Ka gan su ko? Sun ɗauka sayayya muka zo. Wuce kawai."

"Na ga kowa na sa takalminsa a ciki yana shiga da shi," in ji Titus.

"Su ba su san dabara ba ne. Wa zai shiga ɗakin Allah rungume da takalmi? Kawo naka, in nuna maka yadda muke yi a masallacin Juma'a."

Maza a benci suka gyaɗa kai, don kowa ya san dabarar. Ba a ajiye takalmi ƙafa biyu wuri ɗaya, kada mai ɗauka ya samu cikakke. Usaini ya haɗa hagunsa da damar farin kambas ɗin Titus ya ajiye a gindin wani ginshiƙi. Ya ɗauki sauran biyun ya yi tafiya mai nisa, ya zagaya kwana, ya dawo hannu wofi yana murmushi.

"Ɓarawon da zai sace mu sai ya yi digiri."

Kadijatu ta ce a kashe waya, ba a shiga masallaci ana surutu. Aka kashe. Aka zuba kunu, aka raba ƙosai. Rabin sa'a ta wuce, sa'a guda ta wuce. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito ba ta ɗauko komai ba, ta sake komawa.

Da wayar ta sake ƙara, ƙasa aka fara gani. Ƙafafu huɗu, takalma biyu. Usaini da baƙin sau-ciki a hagu, safa a dama. Titus da farin kambas a dama, hagunsa kuwa babban yatsa ya leƙo ta hujin safa.

Ashe ta wata ƙofa ake shiga, ta wata ake fita, kuma ginshiƙan masallacin duk kamarsu ɗaya. Sun zagaya ginin sau huɗu kafin su ga ajiyar farko. Ta biyun kuwa Usaini ya rantse a gindin ginshiƙi mai tantabara a kai ya ajiye ta.

"Tantabarar ta tashi," in ji Titus.

Maman Titus ta miƙe tsaye, dariya ta ƙare. "Kambas ɗin da na raka shi kasuwa ya saya saboda tafiyar nan? Usaini! Ɗana ya hau jirgin sama da ƙafa biyu, ka mai da min shi mai ɗingishi?"

"Mama, kwantar da hankalinki. Ba a sace ba ai. Dabarar ta yi aiki, ko mu ba mu samu ba."

"Ka ji shi ko, Maman 'Yan Biyu? Ka ji ɗanki?"

"Ina jin sa. Usaini, ku koma masauki haka nan. Ya isa."

"Dada, yanzu aka fara! Oga, ka san garin nan rabi a Turai yake, rabi a Asiya? Yanzu zan haye da shi ruwa, minti ashirin. Can takalma suka fi araha, masu shagunan duk yarana ne."

Oga ya dubi agogonsa. "Mu gani."

Suka gangara bakin ruwa, tafiya ɗaya ƙwas, ɗaya shiru. Ga jiragen ruwa a jere, kowanne da ƙofarsa da allon rubutu a sama. Titus ya ɗaga kai zai karanta, lema ta sake tare shi.

"Kai, ba ka taɓa zuwa Tashar Dukku ba? Motar da ta fi cika ita ke fara tashi. Ga wancan babban, har ya kusa cika. Yi sauri!"

Suka kutsa cikin masu kwandunan abinci da yara da kekuna. Usaini ya sayi wani zagayayyen burodi mai riɗi, ya haye saman jirgin, ya jingina da ƙarfe kamar mai jirgin ne da kansa. Yana cikin bayanin cewa ruwan nan ya ninka na madatsar Dadin Kowa sau uku, ya auna da kansa, sai wani farin tsuntsun teku ya sauko ya fizge burodin daga hannunsa. Ya kai masa duka da lema, iska ta buɗe ta, ta ƙwace, ta tafi da ita har da ƙyallen. Duk tsakar gida aka bi ta da kallo tana juyi a kan ruwa.

"To yanzu me zan bi?" in ji Titus.

Jirgi ya fita daga lungu ya shiga sarari, ya fara tangaɗi. Minti ashirin suka wuce. Arba'in suka wuce. Gari ya koma kamar zanen alli a bayansu, gaba kuwa ruwa ne har ƙarshen gani. Fuskar Usaini ta yi toka-toka. Ya zauna, ya zame ƙasa, ya kama ƙafar Titus mai takalmi da hannu biyu.

"Titus, ka ce wa direba ya juya."

"Kai ne ɗan gari, kai za ka gaya masa."

"Titus, ƙasan na motsi. La'ilaha illallahu. Dada! Dada, ki yafe min, ni na fasa tulun nan na tsakar gida, ba Hassan ba ne!"

Kadijatu ta rarrafo gaban turmi, carbi ya faɗi. "Na yafe, na yafe! Titus, riƙe min shi! Ku matsa daga bakin ƙarfen nan! Akwai rigar ceto? Wayyo ni, wa ya aike ku?"

Sai wata murya ta shigo cikin wayar, muryar mace, da Hausar mutanen Maraɗi.

"Kai, 'yan ina ne nan ke kiran Dada a tsakiyar teku?"

Titus ya juya waya. Wata Hajiya ce mai jiki, da gilashi da haƙorin Makka, tana zaune da kular shayinta hankali kwance. Ta gaisa da mutanen Gombe, ta ce ita 'yar kasuwa ce, shekararta goma sha biyar tana zuwa garin. Titus ya tambaye ta saura minti nawa a kai Asiya.

"Wace Asiya? Wannan na tsibiri ne, ɗana. Sa'a ɗaya da rabi. Ga shi an rubuta a ƙofa ɓaro-ɓaro." Ta sauke gilashi ta dubi wanda ke ƙasa. "Tsaya. Ba kai ne yaron siton nan mai ɗaure min kaya ba? Usaini ko?"

Usaini ya ja kwat ya rufe fuska. "Kama ce."

"Kama ta ina? Ba kai ne ranar Alhamis ka tare ni kana tambayata ta ina ake bi a je bakin ruwa ba? Ka ce shekararka biyu daga ɗaki sai sito sai mai burodi, ko tekun ba ka taɓa gani ba? Har na zana maka hanya a bayan kwali!"

A tsakar gida aka dubi juna. Sai dariya ta fashe gaba ɗaya. Mai walda ya fita waje yana riƙe da ciki, yana kiran mutanen layi su zo su ji. Maman Titus ta zauna daɓas tana buga cinya.

"Ina kwalin?" Titus ya tambaya.

Daga cikin kwat aka amsa da ƙaramar murya. "Na ɗaure kaya da shi. Ya tafi Kano."

Oga Ifediora ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa, ya matso gaban turmi.

"Usaini, mutum ɗaya na ba ka. Ɗaya tak. Ka mai da shi rabi. Wata mai zuwa mutum goma sha huɗu za su zo, har da masu ciwon ƙafa. In ba ka su, a ina zan je neman su?" Ya ɗan sunkuya. "Hajiya, ranki ya daɗe, in babu damuwa ki ba Titus lambarki. Ƙungiya na da magana da ke."

"Babu komai, Alhaji," in ji Hajiya, tana zuba shayi.

"Ni ba Alhaji ba ne, amma na karɓa."

Ya juyo wajen Kadijatu ya rage murya. "Mama, ki yi haƙuri. Ki ce masa ya riƙa fita ranar Lahadi, ya san gari. Gaba ba a san abin da Allah zai yi ba."

Ta gyaɗa kai. Abin ya yi mata zafi, don ita ta san bayan da zai koma ɗaukar kwali gobe da safe. Amma a lokacin ba aikin ne a gabanta ba, ruwan nan ne.

Jirgi ya tsaya a tsibiri. Usaini ya fita da rarrafe, ya rungumi wani benci, ya ce shi da ruwa har abada. A nemo masa mota, ko ta kaya ce.

"Tsibiri ne fa," in ji Titus. "Jirgin da ya kawo mu shi zai mai da mu."

"To na zauna a nan. Oga, in 'yan ƙungiya na son tsibiri, ni na riga kowa..."

Kadijatu ta ɗauke wayar daga kan turmi, kular abinci ta faɗi. Ta kai ta daf da fuskarta, har can Santambul babu abin da ake gani sai idonta ɗaya da goshinta.

"Usaini."

"Na'am, Dada."

"Rufe min baki. Ka san hanyar ɗakinka daga nan?"

Ya dubi ruwa, ya dubi safarsa da ta yi baƙi ƙirin.

"Ban sani ba, Dada."

"Alhamdulillahi, yau na ji gaskiya. Tashi ka bi bayan Hajiya, inda ta taka nan za ka taka. In ta ce zauna, ka zauna. Titus, ɗana, don girman Allah ka riƙe min hannunsa har ƙofar ɗaki, kada ka sake shi."

Titus ya sauke wayar ya nuna mata ƙafarsa. Ashe Usaini ya saki bencin, yatsunsa goma na naɗe da ƙwaurin Titus.

"Dada, ki roƙe shi shi ya sake ni tukuna, in samu in taka."